Kurakuran da ɗalibai suka fi yi a binciken harshe

Duk shekara, da lokacin rubuta kundin digiri ya kama, kurakuran nan ne dai ke dawowa kan teburina a nan Katsina, sunan ɗalibi kawai ke canjawa. Bakina ya gaji da maimaitawa a ofis, shi ya sa na zauna na rubuta.

Mafi muni shi ne gyara wa mai magana maganarsa. Ɗalibi ya je Mashi ko Jibiya ya ɗauko muryar dattijo. Dattijo ya ce "hwara", ya ce "na hwaɗa ma Audu", ya ce "gidanshi", amma a takarda sai ka tarar da "fara", "na faɗa wa Audu", "gidansa". To me ya rage na Katsinanci? Daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka fi gina ta. Tana da ranarta a aji da jarida, amma mai nazarin karin harshe da ya juye komai cikinta ya goge da hannunsa abin da ya je nema. Wannan ya taɓa cinye mini hutu sukutum. Na ba wani mataimaki hirarrakin da na yi da manoma ya rubuta mini, ya dawo da rubutu tsaf kamar labaran rediyo, yana ganin ya kyauta. Da na kunna muryoyin na bi layi-layi, ko shafi ɗaya ban samu na dogaro ba, dole na sake daga farko. Har yau in na tuna raina na ɓaci.

Tun daga nan layi biyu nake sa a yi. Na sama abin da kunne ya ji, har da "to", da "ka gane", da maganar da aka fara ba a ƙarasa ba. Na ƙasa kuma daidaitacciyar Hausa. Manhajar ELAN kyauta ce, tana ɗaure kowane layi da gurbinsa a cikin muryar. Ba na karɓar misali a kundi sai an nuna mini minti da daƙiƙar da aka faɗe shi. Mai aiki kan tsarin sauti kuwa ya sa alamar karin sauti da tsawon wasali, tunda rubutunmu na boko ba ya nuna su: "kuka" ta miya da "kuka" na hawaye iri ɗaya suke a takarda. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 ya sa waɗannan alamomi, kai a yau ga manhajar nazarin sauti ta Praat a kwamfutarka, ina uzurinka?

Na biyu, yadda ake tambaya. Ka sha babbar riga, ka ɗora waya a gaban mutum, ka ce "Baba, yaya kuke cewa kaza a garin nan?" Wallahi ba Hausarsa ta yau da kullum zai ba ka ba, zai ba ka wadda yake zaton malamin jami'a na so. Masanin harshe ɗan Amurka William Labov ya daɗe da gano wannan. A 1962 ya shiga manyan kantuna uku a birnin New York na Amurka, yana tambayar ma'aikata inda ake sayar da kayan da ya riga ya san a hawa na huɗu suke, don ya ji yadda suke furta "r" a cikin amsar "fourth floor" ba tare da sun lura ba. Ni abin da nake yi, bayan gaisuwa da neman izinin ɗaukar murya, sai in ja mutum zuwa labarin da ya dame shi: shekarar da damina ta yi gardama, ko rikicin gona. Can zai manta da wayar, harshensa ya saki. Farkon hirar ba na ƙirga shi.

Kuma ku daina ɗauko maza zalla kuna rubuta "mutanen Daura". Idan ba ka iya shiga cikin gida, nemi ɗaliba ta yi hira da mata.

Takardar tambayoyi ba maganin kowace cuta ba ce. Tana iya gaya maka ra'ayin mutane kan harshe, ba ta gaya maka yadda suke magana. Mai nazarin yadda yaro ke koyon magana zama zai yi da yaron watanni yana saurare.

Masu tarihin harshe, kamannin kalma ba hujjar dangantaka ba ce. "Littafi" da "alƙalami" aro ne daga Larabci. Masanin harshe Joseph Greenberg a 1963 ya sa Hausa cikin dangin harsunan da ake kira Cadi, reshe dabam da na Larabci ko da yake babban gidansu ɗaya. Labarin Bayajidda da rijiyar Kusugu yana da darajarsa a tarihin baka, amma ba da shi ake auna asalin harshe ba.

Sauran ƙanana ne. Kada a yi hira kusa da janareta ko injin markaɗe. A sa ƙugiya a ɓ, ɗ, ƙ. A rubuta shekarun mai magana da garin da ya tashi, a sakaya sunansa. Muryar da aka ɗauka kuma a kwafe ta wuri biyu a daren ranar, kafin a kwanta.