Yadda zaka zaɓa tsakanin MGB mai bambar ƙarfe da mai ta roba

Duk sabon shiga da ya je duba MGB a Ingila bamba yake fara kallo. Motar nan ta kamfanin MG ce, a garin Abingdon aka ƙera ta daga 1962 zuwa 1980, a ƙarshen 1974 aka cire bambar ƙarfe mai ƙyalli aka sa baƙa ta roba saboda dokar Amurka, aka kuma ɗan ɗaga motar sama. Mai ƙarfen ta fi kyau, ta fi tsada, wannan ba gardama. Amma bar maganar bamba tukuna.

Durƙusawa zaka fara yi. MGB bata da cesis daban, bodin ne ke ɗauke da komai, kuma ƙarfen ƙasan ƙofa shi ne ƙashin bayanta, balle mai buɗaɗɗen kai. Tafi da tocila da ɗan maganaɗisu, ka naɗe shi a tsumma kar ka karce ma mutum fenti, ka bi ƙasan ƙofar a hankali tun daga tayar gaba har ta baya, duk inda bai kama ba fila ce, wato abin cike ramin bodi, aka cusa. Sannan ka kalli tazarar ƙofa da bodi, in ta matse daga sama motar ta fara lanƙwasa kenan, ka yi sallama kawai. Ta farko da na saya ja ce mai bambar ƙarfe, tana sheƙi, hunturu ɗaya ta shiga gishirin da suke zubawa a titi sai ga fenti yana kumbura, na danna da yatsa ya burma, wallahi har yau abin na min ciwo. Mai roba lafiyayya ta fi mai ƙarfe ruɓaɓɓiya sau dubu.

Sai lambar mota. Da yawa masu roba ne aka canja musu bamba ana sayarwa da tsada, don haka nemi takardar shaida daga British Motor Museum, gidan tarihin motoci dake Gaydon, zata nuna ranar da aka ƙera ta, in bayan 1974 ne to asalinta mai roba ce.

Inji duk 1798cc ne in ban da na samfurin V8, amma na Amurka daga 1975 kabureta ɗaya gare su, basu da ƙarfi, nemi mai kabureta biyu ƙirar SU. In mai roba zaka ɗauka to daga 1977 zuwa sama, sun fi zama a kwana. Kuma in babu overdrive, wato ƙarin giyar da ke sassauta wa inji a doguwar hanya, ni bana saye.