Yadda za a karrama 'yan sa-kai na asibiti duk shekara

Duk wanda ya taɓa jinya a Asibitin Koyarwa na Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi, ko wani babban asibiti na ƙaramar hukuma, ya san su: 'yan agaji masu tura keken marasa lafiya, masu ba da jini kyauta, da matan da ke kawo kunu ga wanda ba shi da mai jinya. Ba a biyansu ko sisi.

Da farko a nemi izinin shugaban asibiti a rubuce. Sai a kafa kwamiti na mutum biyar, kuma lallai a sa nas da leburan ɗaki a ciki, domin su ne ke kwana a wurin, sun san wanda ke zuwa ƙarfe biyun dare da wanda sai ranar ɗaukar hoto ake ganinsa.

Daga nan a buɗe rajista tun watan Janairu, ana rubuta sunan mai aiki, ranar da ya zo da abin da ya yi. Wannan littafi shi zai hana a ce an yi son kai. A watan Nuwamba kowane ɗaki ya miƙa suna biyu, mace da namiji.

A tsayar da 5 ga Disamba, ranar 'yan sa-kai ta duniya, domin bikin karramawar. A gayyaci mai unguwa, limami da fasto, da iyalan waɗanda aka zaɓa. Takardar yabo da turmin atamfa ko shadda sun isa. Amma kafin a miƙa, a karanta aikin mutum a bainar jama'a, bayan an cire sunayen marasa lafiya.