Narkewar tsoka a barcin tiyata: kurakuran da sababbin hannu ba su gajiya da maimaitawa

Daga Ngaundare har Kusiri, ka haye gada ka shiga Njamena, kayan aikin ɗakunan tiyatarmu kusan ɗaya ne: iskar sa barci, halotan ko isofuloran, a tulun na'ura, allurar sassauta tsoka suksametoniyam, wadda muke kira suksa, a firji, ketamin a kan tire. Kurakuran ma ɗaya ne. Duk rukunin da aka yaye sai ya zo ya taka inda na gabansa ya zame, musamman a kan narkewar tsoka, wadda littafi ke kira rabdomayolisis.

Tsoka rumbu ce. A cikin ƙwayoyinta akwai fotasiyam mai yawa, da jan sinadarin nan mayogulobin, da CPK da muke aunawa a jini. In bangon ƙwayar ya fashe, duk sai su malalo cikin jini. Fotasiyam ya tsayar da zuciya cikin mintoci, mayogulobin ya toshe ƙoda cikin kwanaki.

Babban kuskure, wanda ya fi cin rai, shi ne zuƙo suksa a sirinji ba tare da an kalli wanda za a yi wa ba. A jikin mai lafiya allurar tana ɗaga fotasiyam da kamar 0.5 ne kawai, ya sauka da kansa. Amma akwai jikin da take ɗaga shi har zuciya ta tsaya: wanda ya ƙone, da zarar an wuce awa 24 zuwa 48 da ƙunar, mai shanyewar ɓarin jiki, wanda lakarsa ta taɓu, mai tetanus, wanda gini ko mota ta danne, da wanda ya yi makonni a kwance ba motsi. Waɗannan ai ana ganinsu da ido. Wanda ke ɓuya shi ne yaro namiji mai ciwon tsokar nan na gado da ake kira Duchenne, wanda ke samun kusan ɗaya cikin yara maza 3,500 zuwa 5,000, kuma a wajenmu da wuya a zo da shi an riga an gano.

Ga yadda yake zuwa. Ɗan shekara biyar, an kawo shi aikin gwaiwa ko kaciya. Uwar ta ce lafiyarsa lau, sai dai bai yi tafiya da wuri ba, kuma yana yawan faɗuwa. Ka dubi ƙafarsa, sha-raɓa cike dam kamar na ɗan kokawa, ka ce ai wannan ƙarfaffa ne. Kallon kitse kake wa rogo. Zaunar da shi a ƙasa ka ce ya tashi. Zai juya ya yi rub-da-ciki, ya kafa hannuwa a ƙasa, ya ɗaga ƙugu, sannan ya dafa gwiwa, ya dafa cinya, yana hawa jikinsa kamar mai hawa tsani. Gwajin nan bai cin minti ɗaya, ba ya cin ko dala. Ni dai ba na yarda a kwantar da yaro namiji ɗan ƙasa da shekara takwas a kan teburi sai an ga tashinsa daga ƙasa. Kuma ciwon ta wajen uwa yake biyowa, saboda haka kawunnai za ka tambaya: «Baba, cikin 'yan'uwanki maza akwai wanda ƙafa ta mutu masa yana yaro, ya rasu da ƙuruciya?» In amsar ta ba ka shakka, a auna CPK kafin aiki, a irin wannan yaron dubbai ake gani.

Kada kuma a ce an bar suksa, shi ke nan. Halotan da 'yan'uwansa ma suna narkar da tsokar irin wannan yaro, wani lokaci sai an gama aiki an kai shi ɗakin farfaɗowa zuciyar ke tsayawa. Hanyarsa ketamin ce, ko furofofol, ko allurar kashe wuri in aikin ya yarda. Tun a shekarun 1990 hukumar magunguna ta Amurka ta sa gargaɗi a kan suksa cewa a yara a bar ta don gaggawa kawai, kamar maƙogwaro ya shaƙe ko ciki cike. Mu kuwa har yau ana zuƙo ta don sabo.

To in abin ya auku fa? Nan ma ana tafka wani. An yi suksa, bayan 'yan mintoci tudun T a kan allon ECG mai zana bugun zuciya ya yi tsini, zanen QRS ya faɗaɗa, bugun ya ja baya, sannan layi ya rikice. Sai ka ga ana ta atirofin da adirenalin ana danna ƙirji, ba wanda ya tuna da kalsiyam. Yaron da zuciyarsa ta tsaya bayan suksa, ka ɗauka fotasiyam ne har sai an tabbatar ba shi ba ne, kuma ba a jiran sakamakon lab. Danna ƙirji da adirenalin suna nan yadda aka koya, amma kalsiyam gulukonat mai kashi 10 cikin 100 ya shiga nan take: yaro ml 0.5 a kowane kilo, babba ml 10 zuwa 30, a maimaita in allon bai gyaru ba. Kalsiyam kare zuciya yake yi, ba ya rage fotasiyam, don haka a bi shi da insulin da sukari. Babba yunit 10 da giram 25 na gulukos, wato ml 50 na mai kashi 50, ko ml 250 na mai kashi 10. Yaro yunit 0.1 a kilo da ml 5 a kilo na mai kashi 10. Bayikabonat milimol 1 a kilo, ta wata jijiyar dabam ko bayan an wanke layi, don in ya haɗu da kalsiyam daskarewa suke yi. A fesa salbutamol ta bututu, a ƙara saurin numfashi. Kuma kada a ɗaga hannu a minti 20 a ce kwana ya ƙare. Zuciyar ba ta lalace ba, guba ce ta kama ta, an sha dawo da irin waɗannan yara bayan dogon danna ƙirji.

Kuskure na biyu, jiran zazzaɓi. Mugun zazzaɓin barcin tiyata sunansa ne ke yaudarar mutane, domin zafin jiki ba shi ne ke fara zuwa ba. Gado ne shi ma, amma daga uwa ko uba, kowane ɗa rabi da rabi. Ƙofar da ke sakin kalsiyam a cikin tsoka, RYR1, ita ce da lahani. Da ta shaƙi halotan, isofuloran, sebofuloran, ko ta gamu da suksa, sai ta buɗe ta ƙi rufuwa. Tsoka ta ƙage, ta yi ta ƙona iskar oksijin tana fitar da kabon da zafi har ta narke. Alamar farko ita ce kabon yana hawa a kan na'ura duk da ka ƙara numfashi, sai zuciya na gudu ba dalili. Inda babu na'urar auna kabon, kuma wurare da yawa babu, hannu da ido ne: majinyaci mai numfashi da kansa yana haki kamar ya yi tsere, tulun soda mai tsotse kabon ya yi zafi ya sauya launi da wuri, jini a wurin yanka ya yi duhu, jiki ya sandare duk da an ba da mai sassauta tsoka. Muƙamuƙin da ya datse bayan suksa har fitilar maƙogwaro ta ƙi shiga gargaɗi ne. Ƙara wata suksar a kai ganganci ne. In aikin ba na gaggawa ba ne, a rufe iskar, a fasa.

Kun san abin da ake cewa a nan in jiki ya yi zafi a kan teburi. Ai watan Afrilu ne, Marwa ce, na'urar sanyi ta mutu. Ko kuma zazzaɓin sauro ne. Sai a rataya farasitamol a ci gaba da yanka. Haba jama'a! Wane zazzaɓin sauro ne ke hawa digiri 1 zuwa 2 cikin minti biyar? Farasitamol kuwa a ƙwaƙwalwa yake aiki, wannan wutar a tsoka take ci. Ma'aunin zafi ma sau nawa ake sa shi? Duk aikin da zai wuce minti 30 a sa shi tun farko.

Abin yi a jere yake. Rufe tulun iskar, ka cire shi in yana ciruwa. Oksijin zalla, lita 10 ko fiye a minti, numfashi ninki biyu zuwa uku. Kada ka tsaya neman wata na'ura. Gaya wa mai yanka ya rufe da gaggawa, a riƙe barcin da ketamin ko furofofol. Kira mutane, don aikin ya fi ƙarfin hannu biyu. Maganinsa dantirolin ne, mg 2.5 a kilo, a maimaita duk minti biyar zuwa goma har jiki ya saki, ko da za a kai mg 10 a kilo. Kwalbar da aka saba da ita mg 20 ce, ana narkar da ita da ml 60 na ruwan allura zalla, ba ruwan gishiri ba, kuma tana da taurin narkewa. Mai kilo 70 kwalba tara yake buƙata a zagayen farko kawai, shi ya sa ake cewa a ajiye 36. Kafin zuwan maganin nan a ƙarshen shekarun 1970, bakwai zuwa takwas cikin goma mutuwa suke yi. Inda yake a hannu yanzu ba a kai ɗaya cikin goma ba.

Na san abin da za ku ce: ina dantirolin ɗin? Tsada gare shi, kuma yana lalacewa a ajiye ba a taɓa shi ba. A ganina asibitocin gari ɗaya su haɗa kuɗi su ajiye a wuri ɗaya, kowa ya san lambar mai makulli, domin ba a fafe gora ranar tafiya. In babu shi sam, sauran aikin bai faɗi ba: ruwan gishiri mai sanyi daga firji ta jijiya, ƙanƙara a hammata da matsematsi, jiƙaƙƙen zane da fanka, a dakata da sanyayawa in zafi ya sauko 38. A bi fotasiyam yadda aka faɗa a sama. Kada a haɗa berafamil ko diltiyazem da dantirolin. Kada kuma a mayar da shi ɗakin kowa-da-kowa don ya lafa, abin yana dawowa ga kusan ɗaya cikin biyar a awa 24 na farko. A ci gaba da mg 1 a kilo duk awa huɗu zuwa shida.

Sai fitsari. Da safe ka tarar jakar da ke rataye a gefen gado da ɗan ruwa kaɗan, launinsa kamar shayin da ya kwana a buta. A bakin kogin Logon ko tafkin Lagdo kowa tsargiya zai ce, wani ya ce robar fitsari ce ta ji masa, wani ya ɗora wa kinin. Tsoma tsinken gwaji. In ya nuna jini amma madubin lab bai ga jajayen ƙwayoyi ba, mayogulobin ne ko fashewar jini, CPK ne zai raba gardama. Ya haura ninki biyar na iyakarsa, wato kamar 1,000, tsoka ta narke. Ya wuce 5,000, ƙoda na cikin hatsari. Kuma ba ya kai ƙololuwa sai bayan awa 12 zuwa 24 ko fiye, saboda haka gwaji ɗaya da aka yi a bakin teburi bai wanke kowa ba. Maganin ruwa ne, da wuri, da yawa, har babba ya riƙa fitar da ml 200 zuwa 300 a awa, yaro ml 2 a kilo. Ni nakan fara da ruwan gishiri, in jini ya soma tsami in surka da Ringer. Lasilix, maganin sa fitsari, ga wanda jijiyarsa ke bushe ƙara wa ƙoda wahala ne. Dikulofenak da jentamisin a ɗauke su daga takardarsa. In an cika shi da ruwa fitsari ya ƙi zuwa, a daina ɗura kada huhu ya cika, a nemi gadon wankin ƙoda a Garwa ko Njamena ko inda ya fi kusa tun yana iya jure hanya.

Ƙananan kurakuran ba su buƙatar dogon bayani. Ƙafafu a rataye sama awa huɗu, kamar a dogon aikin yoyon fitsari, suna kashe tsokar sha-raɓa. A sauke su lokaci-lokaci, wanda kuma ya farka yana kukan ƙafa ta yi tauri a duba, ba a ƙara masa maganin ciwo kawai ba. Mai ƙiba a kan teburi mai tauri, a sa masa matashi a ɗuwawu da kafaɗa. Ɗaurin tsayar da jini kada ya wuce awa biyu, a rubuta lokacin da aka ɗaura. Furofofol fiye da mg 4 a kilo a awa har sama da kwana biyu shi ma yana narkar da tsoka. Ƙarancin kalsiyam da ake gani a farkon narkewa ba a bin sa da allura sai in ya kawo alama ko fotasiyam ya hau.

Tambayar dangi kuma a daina yin ta a tsaye a bakin ƙofa. A 1960 wani saurayi a Melbourne ta Ostireliya ya zo da karaya yana tsoron barci fiye da karayar, don danginsa goma sun mutu a hannun masu sa barci; daga bincikensa ne likita Michael Denborough ya gano abin gado ne. Mutanenmu ba za su kawo maka labarin haka ba. In ka ce «akwai mai matsala da maganin barci?» a'a za a ce. Ka ce: «Alhaji, a gidanku akwai wanda aka shiga da shi tiyata bai fito ba, ko ya fito jiki na ci da wuta?» Sai ka ji an ce ai baffansu ne, ƙaramin aiki, Allah ya yi kwanansa ya ƙare. An taɓa yi wa majinyacin aiki lafiya a baya ba hujja ba ce, wasu sai a karo na biyu ko na uku abin ke tashi. Wanda ake zargi, allurar baya ko ketamin, a sa shi farkon layi da safe, a cire tulun iska, a sauya bututu da soda, a wanke na'ura da oksijin lita 10 a minti: tsohuwar na'ura minti 20, sababbin kan ci awa ɗaya ko fiye. Wanda abin ya taɓa samu kuwa, a rubuta a shafin farko na karnensa, wato littafinsa na asibiti, da jan biro, da manyan haruffa, sunayen magungunan da aka hana shi, a kira iyayensa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya a karanta musu, kowa a rubuta masa a nasa.