Sojan da aka sallama kan taɓin hankali: kurakuran da ke kashe ƙorafi tun kafin a saurare shi

Idan soja ya dawo gida Katsina ko Daura da takardar sallama, kuma dalilin da aka rubuta ya shafi lafiyar ƙwaƙwalwa, abin da iyali suka fi fara yi shi ne rufe maganar. Maƙwabta a ce musu hutu ya zo, a shiga nema masa rubutu da tofi, a ce bari ya ɗan natsu tukuna kafin a tayar da zancen aiki. Cikin wannan jira ne yawancin ƙorafe-ƙorafe ke mutuwa, domin doka ta fara ƙirga kwanaki tun ranar da aka yanke hukuncin.

Dokar Rundunonin Soja ta Najeriya, babi na A20 a kundin dokokin tarayya na 2004, ta tanadi hanyar kai kuka: sashe na 178 na hafsoshi ne, na 179 na ƙananan sojoji. Ƙorafin farko ana kai shi ga kwamandan rundunar da mutum yake, cikin wata uku da aukuwar abin. In ba a share masa hawaye ba, yana da wasu wata uku ya ɗaga maganar zuwa sama. Dokar ta kuma ce sai an ƙure wannan hanya ta cikin gida kafin a nufi wani wuri. Wanda ya tsallake ta ya garzaya kotu, lauyan rundunar ba ya ma buƙatar taɓa batun lafiya. Zai ce an yi azarɓaɓi, kuma sau da yawa alƙali zai yarda da shi. Hafsoshi kuma wa'adinsu ya fi tsauri. A kundin sharuɗɗan aiki na 2012, hafsan da aka yi wa ritayar dole kwana 30 kacal yake da su ya roƙi Shugaban Ƙasa ya sake duba lamarinsa, ta hannun Babban Hafsan Tsaro. An sake fasalin kundin daga baya, don haka a nemi wanda ke aiki a ranar da aka yi sallamar a karanta shi da ido.

A gefen kotu ma akwai wani wata ukun. Dokar kare jami'an gwamnati ta ce ƙarar da ta shafi aikin jami'i a shigar da ita cikin wata uku. Hukunce-hukuncen manyan kotuna sun saɓa kan ko wannan ya haɗa da rigimar ɗaukar aiki da sallama, amma mai hankali ba zai jingina rayuwar iyalinsa kan saɓanin alƙalai ba. A rubuta takardar ƙorafin a makon farko, ko da shafi ɗaya ce, a ce cikakken bayani da hujjoji na biye. A kai ta ofishin rundunar da sojan ya bar aiki a cikinta. Barikin Natsinta da ke Katsina kusa yake, amma idan bataliyarsa a Borno ko Yobe take, takardar da aka ajiye a Katsina ba ta isa inda ya kamata ba. A yi kwafi biyu, a sa magatakarda ya buga hatimi da kwanan wata a kan wanda za a dawo da shi gida. In tafiyar ba za ta yiwu ba, a aika ta kamfanin kai saƙo a adana rasidin. Maganar da aka yi da samanja a waya, ko alƙawarin da wani oga ya yi a WhatsApp, babu mai ƙirga su.

Me ake nema takamaimai?

Nan ne aka fi yin asara. Iyali sukan zuba duk ƙarfinsu wajen tabbatar da cewa "ɗanmu lafiyarsa lau", saboda zafin sunan da za a laƙaba masa a unguwa, da tsoron abin da zai biyo baya wajen neman aure. Ana fahimtar wannan. Sai dai takardar da ta ce lafiyarsa lau tana iya rufe masa ƙofar haƙƙin da ya fi kowane muhimmanci.

Buƙatu uku ne mabambanta, kuma hujjar kowace daban take. Akwai mai neman a mayar da shi bakin aiki saboda binciken da aka yi masa kuskure ne, ko ciwon ya warke. Akwai wanda ya yarda ba zai iya riƙe bindiga ba, amma yana so a rubuta cewa aikin soja ne ya jawo ciwon ko ya tsananta shi. Akwai kuma wanda korarsa aka yi kan laifi, kamar fashin aiki ko ƙin bin umarni, alhali ciwon ne ya haifar da halin, yana so a mayar da korar sallama ta rashin lafiya. Mayarwa bakin aiki ita ce mafi wuya, domin rundunar tana da faɗi sosai wajen yanke wanda ya dace ya ɗauki makami, kuma kotu ba ta cika son maye gurbin likitocin soja da ra'ayinta ba. Ta biyu da ta uku su ne ake yawan samu, kuma a kansu fansho da giratuti da kuɗin naƙasa da kulawar asibiti bayan ritaya suka rataya. Ana iya haɗa buƙata biyu a takarda ɗaya, a ce in ta farko ba ta samu ba a duba ta biyu, amma kada a rantse a shafi na ɗaya cewa babu ciwo sannan a nemi kuɗin ciwo a shafi na biyu.

Sunan da aka ba ciwon yana da nauyi fiye da yadda mutane ke zato. Likitocin ƙwaƙwalwa sun bambanta ciwon firgici na bayan tashin hankali, wanda ake taƙaita sunansa da PTSD, da matsalar ɗabi'a wadda mutum ya taso da ita. Na farko yana biyo bayan abin da mutum ya gani ko ya same shi: kwanton ɓauna, tashin nakiya, kwasar gawar abokan aiki. Alamominsa su ne mugun mafarki, abin ya riƙa dawo wa mutum kamar yanzu yake faruwa, zabura da ƙarar babur ko rufe ƙofa, gudun duk abin da zai tuna masa, rashin barci da saurin fushi, kuma sai sun wuce wata guda ake kiransa da wannan suna. Yana iya jinkirin bayyana sosai har bayan wata shida, don haka cewa "ai lafiya lau ya dawo daga Sambisa" ba ta kore shi. Ita kuwa matsalar ɗabi'a, ƙa'idarta ita ce a ga alamunta tun daga samartaka ko farkon girma, ta kuma game duk mu'amalar mutum. Idan aka rubuta wa soja ita, ma'anar ita ce da kayansa ya shigo, rundunar ba ta da alhaki. Sojan da ya ci gwajin lafiya na ɗaukar kurata, ya gama horo a Zariya, ya yi shekaru babu ko tuhuma ɗaya, ya sami igiya, sannan halinsa ya canza bayan zaman dajin Rugu ko bakin Tafkin Chadi, tarihinsa da kansa yana musanta wannan suna. Wannan ce hujjar da ya kamata a gina ƙorafin a kanta.

Haka batun ƙwaya. Da yawa daga masu ciwon firgici sukan faɗa tiramadol ko wiwi ko kodin don su sami barci. In aka ɓoye wa likita, gwajin fitsari zai tona, daga nan kuma duk abin da mutum ya faɗa sai a yi shakkarsa. A faɗi gaskiya, a kuma nuna wanne ya riga wanne: shan ne ya fara, ko rashin barcin. Wanda nakiya ta tashi kusa da shi ya suma ko kunnensa ya toshe, ya tabbata an rubuta hakan, domin bugun ƙwaƙwalwa yana kawo mantuwa da ciwon kai da canjin hali, kuma rauni ne na fagen daga kamar harbin harsashi.

Rahoton likita da sauran takardu

Takardar da aka karɓo daga kemis ko ƙaramin asibitin kuɗi mai layi biyu, "mun duba shi ba shi da matsala", ba ta da wani tasiri a gaban kwamitin likitocin soja, wanda sojoji ke ce wa bod. Ana buƙatar rahoton ƙwararren likitan ƙwaƙwalwa daga asibitin gwamnati, kamar Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ko asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna, ko na Kware a Sakkwato, ko na koyarwa na Malam Aminu Kano. Rahoton ya nuna sau nawa aka ga majinyacin da ranakun, wane ciwo aka gano kuma bisa wace ƙa'ida, yaushe ya fara, wace alaƙa likitan ke gani tsakaninsa da aikin, wane magani ake sha, da abin da mutum zai iya yi da wanda ba zai iya ba. Likita ba zai iya rubuta wannan da gani ɗaya ba, kuma in bai ga takardun soja ba hasashe kawai zai yi. A kai masa komai: katin asibitin bariki, takardar turawa asibitin soja na 44 da ke Kaduna in an je, sigina ta tura aiki, takardun izinin tafiya, da sakamakon bod ɗin. Wanda ba a ba shi kwafin sakamakon ba ya nema a rubuce. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma ko an hana, takardar neman da kanta hujja ce a gaba.

Shaidar mutane ma tana da amfani in an tsara ta. Matarsa ko mahaifiyarsa su faɗi yadda yake kafin tafiya da yadda ya dawo, da watanni da shekaru, a yi rantsuwar a kotu. Abokin aikin da suke tare ranar da abin ya faru ya fi kowa, ko da yake waɗanda ke cikin kaki kan ji tsoron sa hannu. Waɗanda suka yi ritaya sun fi sauƙin samu, kuma ofishin ƙungiyar tsofaffin sojoji na jiha wuri ne mai kyau na fara cigiya.

Kuskure mai haɗari shi ne daina shan magani don a nuna an warke. Ciwon yakan dawo da ƙarfi, wani lokaci ana gab da ranar ganin kwamiti. Ruƙiyya da addu'a ba su hana asibiti, amma malam ba ya ba da kati, kuma watannin da aka yi a wurinsa kaɗai za su fito a fayil kamar ba a yi jinya ba. Idan kuwa mutum ya fara maganar kashe kansa, ko gara ya mutu ya huta, a ajiye batun takardu a kai shi asibiti a ranar, kada a bar shi shi kaɗai.

Ga wanda ba a riga an sallama ba, abu biyu ne ke ɓata komai. Na farko tahowa gida jinya ba da izini ba. Idan fashin ya kai kwana 21, kwamitin bincike na iya rubuta shi a matsayin wanda ya bar aiki ba izini, sai maganar ta tashi daga ta lafiya ta koma ta laifi. In ciwon ya kama shi yana hutu, a kai shi asibitin soja mafi kusa, a Katsina ko a Daura, a sa su sanar da rundunarsa. Na biyu sa hannu a takardar neman barin aiki da raɗin kai saboda wani ya ce "haka ya fi sauƙi, sunanka ba zai ɓaci ba". Wanda ya ce da kansa ya tafi, zai sha wuya kafin ya nuna cewa ciwo ne ya fitar da shi.

Ƙofofin da ba su ɓullewa

Hukumar karɓar koke-koken jama'a dokarta ta hana ta shiga abin da aka yi wa soja a ƙarƙashin dokar soja. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ita ma ta cire sojoji, don haka zirga-zirga a ofishin NSITF, hukumar da ke biyan wannan diyya, ɓata kuɗin mota ne. Fanshon soja ba ya hannun kamfanonin fansho irin na sauran ma'aikata. Hukumar Fanshon Soja da ke Dutsen Alhaji a Abuja ce ke biya, kuma ita abin da rundunar ta aika mata take bi, ba ta canza dalilin sallama. Masu kallon YouTube kuma su lura: fom ɗin DD 293 da wa'adin shekara 15 da ake ta bayani a kai na sojojin Amurka ne, ba su da aiki a nan. Ɗaukar bidiyo cikin kaki ana zagin shugabanni a Facebook yana jawo tausayi na kwana biyu, ya kuma ba rundunar sabon dalili a kan mutum.

Bayan an ƙure hanyar cikin gida, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce ke sauraren irin wannan ƙara, bisa sashe na 254C na tsarin mulki, kuma tana zama a Kano da Kaduna da Abuja. Wasu daga cikin hafsoshi 38 da aka yi wa ritayar dole a 2016 a can suka yi nasara, ba kan batun lafiya ba, sai kan cewa ba a bi ƙa'ida ba kuma ba a saurare su ba. Ta nan ya kamata lauya ya duba fayil: an kafa bod kuwa, akwai likitan ƙwaƙwalwa a cikin waɗanda suka duba shi, an sanar da shi sakamako, an ba shi damar magana kamar yadda sashe na 36 na tsarin mulki ya tanada, kuma wanda ya sa hannu a sallamar yana da ikon yin haka? Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta hana nuna wariya a wurin aiki saboda wannan ciwo. Tana ƙara wa ƙara ƙarfi, ko da yake ba ta soke sharuɗɗan lafiya na aikin soja ba. A nemi lauyan da ya taɓa riƙe shari'ar soja ko ta ma'aikata, a tambaye shi kai tsaye. Wanda ba shi da hali ya fara da ofishin Hukumar Ba da Agajin Shari'a ko na Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam da ke cikin Katsina, ya tafi da kwafin takardunsa a jere bisa kwanan wata, na asali kuma su zauna a gida.