Yadda Ake Binciken Halayen Sinadari a Intanet: Misali da Dalma

Duk wanda yake son sanin halin wani sinadari, ko ɗalibi ne ko maƙeri ko ma'aikacin lafiya, abu na farko da zai nema shi ne alamarsa da lambarsa a jadawalin sinadarai, wanda masanin nan na Rasha, Mendeliyef, ya tsara a 1869, kuma a yau yake ɗauke da sinadarai 118. Alamar dalma ita ce Pb, lambarta kuma 82, wato adadin furoton (ƙananan ƙwayoyi masu cajin lantarki) da ke cikin tsakiyar zarrarta, zarra kuwa ita ce ɓangare mafi ƙanƙanta na sinadari. Wannan lamba ba ta sauyawa, don haka da ita ake tabbatar da cewa an buɗe shafin da ya dace.

Daga nan sai a shiga shafin da masana ke kula da shi. WebElements da jadawalin Royal Society of Chemistry ta Ingila sun wadatar wa mai koyo, domin da zarar an danna akwatin Pb za a ga nauyin zarrarta, 207.2, da kuma nauyin ƙarfen kansa, wajen giram 11.3 a kowane gutsure mai siffar akwati da tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa duk santimita ɗaya ne, abin da ya sa ɗan gutsurenta yake yi wa hannu nauyi fiye da na baƙin ƙarfe.

Wurin da ya fi bukatar natsuwa shi ne ma'auni. Dalma tana narkewa a digiri 327.5 na Salshiyas, amma wani shafin zai rubuta 600.6, saboda da ma'aunin Kelbin yake lissafi, wani kuma ya rubuta 621 na Farenhait. Ba saɓani ba ne. Idan an cire 273.15 daga adadin Kelbin, sai a samu na Salshiyas. Yana da kyau a gwada kowane adadi a shafuka biyu kafin a rubuta shi a littafi.

Bayan haka sai a buɗe PubChem, rumbun bayanai na cibiyoyin lafiya na Amurka, a karanta sashen haɗari. A ganina wannan mataki ya fi sauran muhimmanci, kuma shi ne aka fi tsallakewa. A can za a ga cewa dalma guba ce mai taruwa a jini da ƙashi, tana lalata ƙwaƙwalwar ƙananan yara. Ita ce ta kashe yara fiye da 400 a Zamfara a 2010, lokacin da ake niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar tana sauka inda yara ke rarrafe.

Sannan a bambanta sinadari shi kaɗai da haɗinsa da wani, domin kowanne da shafinsa. Dutsen kwalli mai ƙyalƙyali da ake niƙawa a sa wa jarirai a ido sau da yawa haɗin dalma ne da farar wuta, don haka a nemi PbS, wato alamar wannan haɗi, a karanta bayaninsa daban kafin a ɗauka cewa ba ya cutarwa.