Yadda Mai Shiru-shiru Zai Sauya Aiki Ba Tare Da Kunya Ta Danne Shi Ba

Akwai ma'aikacin da ya shekara takwas a kan kujera ɗaya, ya san aikinsa ciki da bai, amma zuciyarsa ta daɗe da barin wurin. Ya san fannin da yake so ya koma, har ya yi karatu a kai fiye da wasu da ke cikinsa. Abin da ya tsayar da shi guda ne. Duk hanyar da ya duba sai ya ga ta bi ta kan mutane: ya kira wanda bai sani ba, ya zauna gaban masu intabiyu, ya faɗi abin da ya iya da bakinsa. Da ya tuna haka sai gabansa ya faɗi, ya ce a bari sai baɗi. Irin wannan mutum nake wa magana, kuma ina jin ciwon yadda shekaru ke wuce shi alhali abin da ya rage masa bai kai yadda yake zato ba.

Mataki na farko: raba shiru-shiru da tsoro

Abu biyu ne mutane ke haɗawa. Na farko hali ne. Mutum yana son natsuwa, hayaniya tana gajiyar da shi, in ya keɓe sai ƙarfinsa ya dawo. Tun a 1921 masanin halayyar ɗan Adam Carl Jung ya bayyana masu irin wannan hali a matsayin rukuni na mutane, kuma babu wata cuta a ciki da za a nemi maganinta. Na biyu shi ne noƙewa saboda fargabar abin da za a ce da kai. Ba kunyar da ke ƙawata mutum nake nufi ba, wadda ke hana shi rashin ɗa'a. Ina nufin wadda ke riƙe maka harshe a taro alhali amsar tana bakinka.

Ga yadda za ka gane wanne ke damunka. Tuna lokacin ƙarshe da aka gayyace ka wani taro ka ƙi zuwa. In ka zauna a gida ka ji daɗin hutunka, halinka ne, ka bar shi. In kuwa ka kwana kana cizon yatsa, kana cewa da ma na je, to tsoro ne, kuma shi kaɗai za mu yi aiki a kansa. Kada ka ɗauka kai kaɗai ne. A binciken da Philip Zimbardo ya yi a Jami'ar Stanford cikin shekarun 1970, kusan mutum 40 cikin 100 sun ce su masu jin kunyar mutane ne, fiye da 80 cikin 100 kuma sun ce sun taɓa zama haka a wani lokaci na rayuwarsu.

Amma in abin ya kai ga hana ka barci kwanaki kafin wata ganawa, ko jikinka ya riƙa rawa har ka kasa magana, ko ka fara ƙin zuwa aiki, ka ga likita ko ƙwararren mai ba da shawara. Akwai magani na zama da tattaunawa da ake kira CBT, kuma yana aiki sosai a kan irin wannan fargaba.

Mataki na biyu: san abin da kake gudu

Ka ware mako biyu. Kullum da yamma ka rubuta abu ɗaya da ya ba ka nishaɗi a aikin ranar, da abu ɗaya da ya tsotse maka ƙarfi. Takardar za ta nuna maka ko sana'ar ce ta ishe ka, ko shugabanka, ko buɗaɗɗen ofishin da kowa ke magana a kanka. In matsalar wurin ce, sauya wuri ya isa. Kuma kada ka zaɓi sabon fanni don kawai an ce babu hulɗa da jama'a a cikinsa. Mai rubuta manhajar kwamfuta ma sai ya kare aikinsa a gaban abokan aiki.

Mataki na uku: taɓa ruwan kafin ka faɗa

Mu masu yawan tunani muna da wani tarko: mu yi ta karatu da tsari muna jiran ranar da komai zai bayyana a sarari. Herminia Ibarra, farfesa a London Business School, ta bi diddigin mutum 39 da suka sauya sana'a, ta fitar da sakamakon a 2003. Abin da ta gani shi ne mutane suna gano aikin da ya dace da su ne bayan sun gwada ƙananan abubuwa, tunanin yana biyo bayan gwajin. Gani ya kori ji.

Ka ɗauki akantan da ke son komawa nazarin bayanai. Zai iya yin gajeren kwas a intanet da dare, sannan ya ɗauki alƙaluman da yake aiki da su kullum ya fitar da wani rahoto da ba wanda ya sa shi, ya kai wa shugabansa. Malamar makarantar da ke son komawa horar da ma'aikata za ta iya karɓar horo ɗaya na sa kai a ƙarshen mako. Wannan yana ba ka abin nunawa, kuma ga mai jin nauyin yabon kansa babu abin da ya kai wannan sauƙi, domin aikin ne zai yi rabin maganar. A wannan lokacin kada ka ajiye aikinka. Ka fara tara abin da zai riƙe ka wata uku zuwa shida, saboda sabon fanni yakan fara da albashin da bai kai na da ba.

Mataki na huɗu: mutum ɗaya, hira ɗaya

Nan ne yawancinmu ke tsayawa, don haka zan daɗe a nan. Da an ce ka nemi mutane, abin da ke zuwa a ranka shi ne babban zaure cike da baƙi kowa riƙe da katinsa. Manta da wannan zauren. Ba ka buƙatarsa.

A 1973 masanin zamantakewa Mark Granovetter ya wallafa abin da ya gano daga ma'aikatan da ya yi wa tambayoyi a garin Newton, kusa da Boston a Amurka. Cikin waɗanda suka sami aiki ta hannun wani, kusan ɗaya cikin shida ne kawai suka ce suna yawan ganin mutumin. Sauran duk ta hannun wanda suke gani jefi-jefi ne, ko wanda ba kasafai suke haɗuwa ba. Dalilin a fili yake: aminanka abin da ka sani shi suka sani, amma wanda kuka yi aji ɗaya shekara goma da suka wuce yana yawo a wata duniyar da ba ka shiga. A 2022 mujallar Science ta buga wani gwaji da aka yi da masu amfani da LinkedIn, shafin intanet na ma'aikata da masu neman aiki, kusan miliyan 20, ya kuma nuna cewa sanayya ta tsaka-tsaki ta fi ta kurkusa kai mutum ga sabon aiki.

To, rubuta sunan mutum goma da ka taɓa sani waɗanda ke cikin fannin ko kusa da shi. Fara da wanda ka fi sakewa da shi. Rubutu ƙarfinka ne, saboda haka saƙo za ka tura, gajere:

"Salamu alaikum. Da fatan kana lafiya, an kwana biyu. Na ga kana aikin nazarin bayanai yanzu, ni ma ina duba yiwuwar komawa fannin. Ko zan sami minti ashirin a waya cikin makon nan ko na gaba, in yi maka 'yan tambayoyi kan yadda aikin yake?"

Ka lura babu roƙon aiki a ciki. Shawara ka nema, kuma mutane suna jin daɗin a tambaye su abin da suka sani. Ka shiga hirar da tambaya uku a rubuce: yaya ranar aikinka take daga safe zuwa tashi, me ka so a ce ka sani kafin ka shiga, wa kake ganin ya kamata in yi magana da shi bayan kai. Ta ukun ita ce mai buɗe ƙofa ta gaba. Sauran aikinka sauraro ne, wanda dama ka fi kowa iyawa. In minti ashirin ta cika ka yi godiya ka sallame shi, washegari ka tura saƙon godiya ka ambaci abu ɗaya da ka ƙaru da shi.

Wasu ba za su amsa ba, kuma yawanci aiki ne ya sha musu kai. Tuna musu sau ɗaya bayan mako guda, ka wuce na gaba. Hira ɗaya a mako ta isa. Abin da ba zai yiwu ba shi ne ka yi shiru kana jiran a gane kana nema. A rashin kira karen bebe ya ɓata.

Mataki na biyar: hau tsanin tsoro daga ƙasa

Tsoro yana raguwa ne in ka fuskanci abin kaɗan-kaɗan, a kai a kai, har jiki ya saba. Likitan ƙwaƙwalwa Joseph Wolpe ya gina magani a kan wannan tun shekarun 1950. Rubuta abu takwas da ke faɗar maka da gaba, daga mai sauƙi zuwa mai nauyi. Na ƙasa zai iya zama yin tambaya ɗaya a taron ofis. Na tsakiya, kiran waya maimakon tura saƙo. Na sama, gabatar da bayani na minti goma. Ka maimaita kowanne har ya daina tayar maka da hankali kafin ka hau na gaba.

A taro ka yi ƙoƙarin yin magana cikin minti goma na farko, ko da tambaya ce, domin duk daɗewar da ka yi shiru nauyin bakin ƙaruwa yake. Sannan ka cire hankalinka daga kanka. Mai jin kunya yakan zauna yana sauraron bugun zuciyarsa, yana tunanin ko an ga gumin goshinsa. Mayar da hankalin kan abin da mai magana ke faɗa. Mutane ba su kallonka yadda kake zato. A wani gwaji da Thomas Gilovich ya wallafa a 2000, an sa ɗaliban Jami'ar Cornell sun shiga ɗaki sanye da riga mai hoton da suke jin kunyarsa. Sun yi zaton kusan rabin mutanen ɗakin sun lura, ashe kusan kwata ne kawai. Wani binciken na 2018 da Erica Boothby ta jagoranta ya nuna cewa bayan hira da baƙo, mutane sukan raina yadda suka burge shi. Ka tuna da wannan a daren da kake juya wata magana da ka faɗa kana jin haushin kanka.

Mataki na shida: intabiyu

Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma shiri shi ne fagen da mai shiru-shiru ke cin nasara. Shirya labari biyar daga tsohon aikinka, kowanne da matsalar da aka samu, abin da ka yi, da abin da ya biyo baya, da alƙaluma in akwai. Faɗe su da murya, ka ɗauka a waya ka saurara. Karantawa a zuci ba ta horar da harshe. Ka kula da kalmar "muka". Kawaici yakan sa mu ce muka yi a inda kai kaɗai ka yi, mai intabiyu kuwa kai zai ɗauka aiki. Faɗin abin da ka aikata ba fariya ba ne matuƙar gaskiya ne.

Tambayar da ba makawa ita ce me ya sa kake barin fanninka. Amsa ta da jimla uku: abin da ka koya a can, abin da ya ja ka nan, da abin da ka riga ka gwada. Kada ka kushe tsohon wurin aikinka. In tambaya ta zo maka a ba-zata, ka ce a ba ka ɗan lokaci ka yi tunani. Shirun daƙiƙa biyar a wurinka ne yake da tsawo, su natsuwa suke gani.

Mataki na bakwai: fita da shiga

Sai takardar ɗaukar aiki ta zo hannunka a rubuce sannan ka miƙa takardar ajiye tsohon aikinka. Ba da wa'adin da yarjejeniyarka ta tanada, ka miƙa aiki a tsare, ka yi sallama da mutane ɗaya bayan ɗaya, domin su ne sanayyarka ta nesa nan da shekara biyar.

A sabon wurin za ka koma ɗan koyo bayan ka saba a tambaye ka, kuma wannan yana da ɗaci a watannin farko. Ka nemi ganawar minti goma sha biyar da kowane abokin aiki shi kaɗai, ka tambaye shi abin da yake yi da inda aikinku zai haɗu. Ka gaya wa shugabanka tun farko cewa ka fi ba da amsa mai kyau in an turo maka ajandar taro kafin lokaci. In ranar ta cika da ganawa, ka ware rabin awa a tsakiya ka zauna kai kaɗai, ka sa shi a jadawalinka kamar kowane taro don kada a ɗora maka wani abu a kai.