Idan allon kwamfuta ya ƙi kullewa a asusun mai kula da ita

Assalamu alaikum. Wannan shawarar ta masu kwamfutar tebur mai Windows 10 ko 11 ce, musamman a ofis ko shagon buga takardu.

Idan kun danna maɓallin Windows tare da L amma allon bai kulle ba, sau da yawa wani ne ya kashe kullewar daga dokokin na'urar. Ku buɗe gpedit.msc, wato manhajar gyara waɗannan dokokin, ku bi ta User Configuration, Administrative Templates da System har ku kai Ctrl+Alt+Del Options, sannan ku mayar da Remove Lock Computer kan Not Configured. Windows Home ba ta zo da wannan manhajar ba, don haka kada ku wahalar da kanku wajen nemanta.

Matsalar da ta fi wannan haɗari, a ganina, ita ce asusun mai kula da kwamfuta wanda ba shi da kalmar sirri, domin allon zai nuna kamar ya kulle, amma duk wanda ya zo wucewa ya danna Enter ya shige, kuma da cikakken ikon goge fayiloli ko saka manhaja. Ku saka kalmar sirri tun yau, sannan ku buɗe wa yaran shago asusu na gama-gari, wato wanda ba shi da ikon mai kula da kwamfuta, domin aikin yau da kullum.